Amsar da Yaya Binta ta ƙi bayarwa

Shekara bakwai ke nan, a watan nan da muke ciki, da rasuwar yayata Dakta Binta. Da hantsi ta kama hanyar Zariya tare da direbanta za ta je koyar da ɗalibai kamar yadda ta saba, ba su yi nisa da Rigachikun ba wata babbar mota ta kauce wa rami ta hau kansu. Kafin magariba an kai ta makwancinta. Mu mata muna cikin gida a Unguwar Kanawa, muna jin tashin motocin masu rakiya ɗaya bayan ɗaya. Mutuwa dai kowa ya san da zuwanta, na kuma yi kukanta har na gaji. Abin da ya tsaya mini a wuya, ya ƙi wucewa har yau, shi ne ta tafi babban yayanmu yana fushi da ita, ba su shirya ba.

Duk sunayen da za ku gani a nan na aro ne, har da nawa. Ban kuma ɗauki biro ba sai da na bi mutanen da maganar ta shafa na nemi izininsu, suka ce in rubuta ko wani zai amfana. Da na yi gaban kaina, wallahi ko a mafarki sai Yaya Binta ta zo ta kafe ni da idanun nan nata ta saman tabarau.

Mu uku ne a ɗakinmu. Yaya Lawal shi ne babba, ma'aikacin gwamnati, wanda ya zame mana uba tun da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Sai Yaya Binta. Sai ni Rabi, auta, malamar makaranta, wadda duk dangi suka shaida ba a ba ta ajiyar magana. Yaya Lawal ne ya tsaya wa Binta tsayin daka har ta zama likita, lokacin da wasu cikin dangi ke cewa karatun ya isa haka. Yana alfahari da ita ƙwarai. Ranar da ta ce ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa za ta ƙware a kai ne kawai na ga ya ɓata fuska, ya ce duk likitancin da ke duniya ta rasa wanda za ta zaɓa sai na mahaukata. Ta yi dariya ta ce masa marasa lafiya ne, kamar masu ciwon suga da hawan jini, kuma daga ranar kada ta sake jin wannan kalma a bakinsa. Ya ce to, ya ji, amma bai daina ba.

Mutane da yawa a Kaduna sun ɗauki yayata mai girman kai, kuma gaisuwa ce ta jawo mata. Kun dai san mu da gaisuwa. Ka wuce mutum ba ka ce masa sannu ba, sai ya riƙe ka da ita har bikin jikokinsa. Wata rana muna gidan biki a Unguwar Sarki, na ga wata mata ta kafe ta da ido, fuskarta cike da murna, bakinta har yana motsi. Yaya Binta ta wuce ta gabanta kamar ba ta ga kowa ba. Na zungure ta na ce, waccan matar fa ta san ki. Ta ce, "Rabi, ci shinkafarki." Sai a mota ta yi mini bayani, ba a kan matar ba, don ita har yau ban san ko wace ce ba. Ta ce duk wanda ya zo hannunta, tun ranar farko take gaya masa cewa in sun haɗu a waje ba za ta fara gaishe shi ba. In shi ya gaishe ta, za ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa. Domin in Dakta Binta ta rungume ki a tsakar gidan biki tana tambayar ya jiki, kafin a kankare tukunya an gama tambayar inda kuka san juna, an kuma ba da amsa. Ta gwammace a ce ba ta da gaisuwa.

Haka take a komai, har abin ya riƙa ba ni haushi. Wani manomi daga Rigachikun ya taɓa sallama a ƙofar gidanmu da buhun masara da zabbi, yana ta godiya wai ɗansa ya samu sauƙi har ya koma gona. Ni har na fara hango farfesu. Ta fita ta yi masa godiya kamar za ta durƙusa, ta sa masa albarka, sannan ta roƙe shi ya yarda a kai kayan kicin ɗin asibiti, duk marasa lafiya su ci da sunansa. Na ce mata mayar da kyauta ai wulaƙanci ne. Ta ce ba ta mayar ba, ta dai sauya mata gida. Wai mutumin da ya kawo maka zabbi, gobe in maganin da ka ba ɗansa ya daina aiki, kunya za ta hana shi gaya maka. 'Yan'uwa kuwa da ke tare ta a wurin suna ko ta'aziyya su ce ta rubuta musu maganin barci, amsa ɗaya take ba su: ba ta duba mara lafiya a taro, ba ta kuma duba ɗan'uwa ko a ofis, sai dai ta haɗa shi da wani likitan.

Amma inda ta fi shan wahala shi ne binciken aure. Kowa ya san al'adarmu, kuma al'ada ce mai kyau: kafin a ba da 'ya ko a karɓo ta, sai an aika manya sun bincika asali da hali da lafiya. A cikin tambayoyin nan akwai wadda ake yi da murya ƙasa ƙasa, wato ko akwai taɓin hankali a gidan. To, wa ya fi likitar ƙwaƙwalwa sanin wannan? Sai gidanmu ya zama kamar ofishin bincike. Alhazai da hajiyoyi, maƙwabta, abokan aikin Yaya Lawal, kowa ya zo da sunan yaro ko yarinya a baki. Ita kuwa jimlarta ɗaya ce, har na haddace ta: "Ba na cewa na san mutum a wurin aiki, ba na kuma cewa ban san shi ba." Na taɓa ce mata, haba Yaya, wanda ba ki taɓa gani ba ai sai ki ce ba ki san shi ba, a wuce wurin, ki taimaki yaran mutane. Ta ce in ta wanke mutum tara da bakinta, ranar da ta yi shiru a kan na goma ta gama tona masa asiri. Don haka kowa shiru ɗaya zai samu.

Ban san shirun nan zai shigo har cikin ɗakinmu ba. Nafisa 'yar fari ce a wurin Yaya Lawal, yarinya mai natsuwa, ta gama jami'a tana aiki a wata ma'aikata. A nan suka haɗu da Mukhtar, suka daidaita, manya suka shiga maganar, har an kawo kayan sa rana. Kowa na son yaron. Sai wani abokin Yaya, cikin masu bincike, ya zo masa da labari: an ga Mukhtar a asibitin da Binta ke aiki, zaune a bencin masu jiran ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Yaya ya kira mu gidansa a Unguwar Sarki wata Asabar bayan la'asar, ni da ita. Ko ruwa ba mu sha ba ya ce, "Binta, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma ƙanwata nake tambaya, ba likita ba. Yaron nan majinyacinku ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ka san amsata. Ba na cewa na san mutum a wurin aiki, ba na kuma cewa ban san shi ba."

"Wannan amsar mutanen waje ce. Ni ne fa, Lawal. 'Yarki za a ba shi."

"Na sani, Yaya. Da zan karya wa wani a duniya, kai zan karya wa. Ka kira shi ka tambaye shi. Ka zauna da Nafisa, ku biyu kawai, ka tambaye ta a hankali, ka saurare ta har ta gama. Don Allah kada ka yanke hukunci da shiruna, ba amsa ba ce."

Ya ce mata addini ma ya yarda a faɗi aibin mutum in an zo neman shawarar aure. Ta ce haka ne, shi ya sa duk wanda ya zo hannunta yana shirin aure take matsa masa ya faɗa wa wanda zai aura gaskiya, amma da bakinsa, ba da nata ba, don abin da ta sani a wurin aiki amana aka ba ta. Ban taɓa ganin ran Yaya ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce ashe ya kai ta makaranta ne ta koyo yadda za ta rufe shi. Ya ce ya goya ta a kafaɗa, ya hana kansa ya ba ta, yau ga sakayya. Daga ƙarshe ya miƙe ya ce, "Na ji amsarki. Da lafiyarsa ƙalau, da kin faɗa." Muka tashi. Na ga ta daɗe a bakin ƙofa tana laluben takalminta, alhali ga shi nan a gabanta.

Ya kira Mukhtar, ba a ce bai kira ba. Yaron ya durƙusa ya ce lafiyarsa lau, rakiya yake yi. Yaya ya ce rakiyar wa? Ya ce a gafarce shi, maganar ba tasa ba ce. Yaya ya ɗauki wannan a matsayin ƙaryar wanda aka ritsa. Nafisa kuwa ya kira ta, amma ba tambayarta ya yi ba, sanar da ita ya yi cewa Allah Ya tsamo ta daga rijiya. Ta sunkuyar da kai tana kuka, kowa ya ce kukan soyayya ne, zai wuce. Aka mayar da kayan sa rana. Magana ta zagaya ma'aikatarsu da unguwarsu cewa an fasa ba Mukhtar mata saboda yana da taɓi. Bai ce wa kowa uffan ba, ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin.

Yaya Lawal mutum ne mai addini, ya san hukuncin gaba, don haka bai taɓa ƙin amsa mata sallama ba. Amsar ce kawai, babu ƙari. Ranar Sallah ta dafa abinci ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce lafiya lau, ya ƙara muryar rediyo. Ya daina kiran sunanta. In zai aiko da saƙo sai ya ce mini, "Ki gaya wa likita an sa sunan gidan wane ranar Juma'a." Likita! Mutumin da tun tana rarrafe yake ce mata Bintalo. A ganinsa ta san yaron ba shi da lafiya, ta kuma yi shiru za a ɗaura wa 'yarsa, ba don Allah Ya kawo mai gani ba. Kusan shekara biyu muka yi a haka, ni ce 'yar aike a tsakani, na je nan na sha faɗa, na je can na sha shiru.

Wata rana na gaji. Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, na sauke mata kwandon masifa. Na ce wace irin amana ce wannan da ta fi zumunci? Na ce Yaya ma ya yi abin kunya, mutum ya tsufa yana gaba da ƙanwarsa a kan ɗan wani. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Rabi, Yaya bai yi mini laifin komai ba. Uba ne, tsoro yake ji wa 'yarsa. In ma akwai laifi, na yafe masa tun ranar, kafin in sa takalmina." Tana faɗa hawaye na sauka a cikin zogalen. Ban taɓa ganin kukanta ba tun rasuwar mijinta. Na ja kujera na taya ta tsinka.

A shekarun nan bakwai nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin da muke ciki. Yanzu kowa da waya a hannu. Mara lafiya ya fito titi yana surutai, kafin a samu mai yafa masa zane an samu masu ɗaukarsa a bidiyo, kafin dare duk gari ya gani, har da 'ya'yansa a makaranta. Na ga masu kiran kansu ma'aikatan lafiya suna zama gaban waya suna ba da labarin marasa lafiyarsu don a taru a kalle su, wai ai sun sauya suna, alhali sun faɗi unguwa da sana'a da yawan 'ya'ya. Na ga masu yi wa mutum addu'a suna ɗaukarsa yana birgima suna yaɗawa, ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda. Mu kanmu a zauren danginmu na waya, sai ka ga an rubuta, "A sa wance a addu'a, an kwantar da ita a sashen ƙwaƙwalwa," an haɗa da hotonta. An fake da neman addu'a an yi mata tsirara. Ina jin da Yaya Binta na nan, da tuni an cire ta daga zauren saboda faɗa.

Akwai kuma abin da zai faranta mata. Ɗalibaina mata yanzu sukan zo su ce, Malama, ina jin ina da ciwon damuwa, wa zan gani? Suna faɗa kamar yadda ake faɗin zazzaɓi. A zamaninmu wa ya isa? Da ta ji haka da ta yi murmushin nan nata na gefen baki. Sai dai na san za ta ƙara da cewa, tunda yara sun fara buɗe baki, nauyin da ke kan masu sauraro ya ƙaru ke nan.

Bari in koma ranar da ta rasu. Da aka gama yi mata sutura, aka ce 'yan'uwa su shigo su yi mata addu'a su yafe mata, kamar yadda ake yi. Yaya ya shigo, idonsa ja wur. Ya tsaya a kanta ya daɗe. Sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Binta, na yafe miki duniya da lahira." Mata suka yi ta cewa Allah Sarki, Allah Ya saka masa, ya yi halin manya. Ni ma a lokacin na ji sanyi, na ce ko ba komai ya kira sunanta.

Zaman makokin nan ya nuna mana abin da ba mu sani ba. Ban da dangi da abokan aiki, sai ga wasu fuskoki da ba wanda ya sani, maza a waje, mata a ciki. Wasu da manyan motoci, wasu da silifas ɗin roba. Su zo su zauna a gefe, su yi kuka mai isarsu, su yi addu'a su tashi. In an tambaye su daga ina, kamar yadda muka saba tambayar masu ta'aziyya, sai su ce, "Mun dai san ta." Kafin rana ta biyu ta faɗi, na bi masu karɓar gaisuwa na ce kowa ya daina tambaya.

Ranar sadakar uku, bayan azahar da mutane suka ragu, Nafisa ta ce tana son magana da babanta a gabana da gaban mahaifiyarta. Muka shiga ɗakin marigayiya Innarmu. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ni ce. Ni Mukhtar yake rakawa asibiti."

Ashe tun kafin maganar aure yarinyar nan ke fama. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, ta shiga banɗakin ofis ta yi ta kuka ba dalili, har ta fara jin mutuwa ta fi mata sauƙi. Ta rasa wanda za ta gaya wa, don ta tashi tana jin babanta na bugun ƙirji cewa mu zuriyarmu ba a taɓa samun mai taɓi ba. Sai ta je wurin gwaggonta. Binta ta rungume ta, ta ce ciwo ne kuma yana da magani, amma ita gwaggo ce, ba za ta zama likitarta ba, ta haɗa ta da wata abokiyar aikinta. Ta yi mata alkawarin rufin asiri, ta kuma faɗa mata iyakarsa tun ranar: in ta ga ranta na cikin haɗari, za ta faɗa wa iyayenta ko ta so ko ba ta so ba. Ita ce ta matsa mata ta gaya wa Mukhtar gaskiya kafin a yi nisa. Ta gaya masa. Shi kuwa, maimakon ya gudu, sai ya riƙa ɗaukarta daga ofis a lokacin hutun azahar ya kai ta, ya zauna a benci ya jira. A nan aka gan shi.

Da abin ya ɓaci, Binta ta roƙe ta ba sau ɗaya ba ta gaya wa babanta, ta ce za ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu. Nafisa ta ce gobe, ta ce jibi, ta ce in ta ƙara samun sauƙi. Tsoro da kunya suka ɗaure mata baki, ciwon kuma ya dawo mata sabo bayan tafiyar Mukhtar. Gwaggonta ba ta taɓa yi mata gori ba, ba ta taɓa ce mata dubi abin da kika jawo mini ba. Abin da take ce mata kawai shi ne, magana taki ce, ranar da kika shirya ina nan.

Yaya ya saurara har ta gama. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana kallon hular kamar bai san mece ce ba. Can ya ɗago ya dube ni ya ce, "Rabi, ni ne na ce na yafe mata. A gaban mutane na faɗa." Ya jawo 'yarsa ya dafa mata kai, ya tashi ya fita ba hula. Daga baya aka ce mana a makabarta aka same shi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Yaya ya yi tattaki har garin da Mukhtar ya koma ya nemi gafararsa. Ya tarar ya yi aure har da ɗa. Yaron ya ce babu komai, Baba, haka Allah Ya rubuta, amma shekarun da ya yi ana nuna shi da baki ba wanda zai mayar masa. Nafisa ta samu sauƙi, tana ganin likitarta har gobe, yanzu babanta ne ma ke tuna mata ranar zuwa. Ta yi aure, kuma tun ranar da mijin ya zo zance karo na biyu ta gaya masa komai da bakinta. 'Yarta ta fari sunan Binta ta ci. Yaya ba ya kiranta da komai sai ƙanwata.

Akwai ranakun da nake jin haushin marigayiyar, in faɗi gaskiya. Nakan ce da ta ɗan kauce ko sau ɗaya, ta ce masa yaron nan lafiyarsa lau, da aure bai mutu ba, da ba ta tafi da ciwon yayanta a zuciya ba. Amma na san Yaya. Tambaya ta gaba ita ce, to me ya kai shi, kuma ba zai tsaya ba sai ya kai ƙarshe. Na taɓa faɗa wa Nafisa wannan tunanin nawa. Ta ce, "Gwaggo Rabi, da ta faɗa a lokacin, da na daina zuwa asibiti, da na daina shan magani, da ban sake yarda da kowa ba. Ban san ko da yanzu ina raye ba." Tun daga ranar na rage yawan da-na-sani a madadin wadda ba ta yi shi ba. Na dai san shirun nan ba kyauta ta same shi ba. Ta biya, Mukhtar ya biya, Yaya yana kan biya.

Yayata ba ta bar gini da sunanta ba. Ta bar mutane masu yawa a garin nan da ke zuwa aiki, suna aurar da 'ya'yansu, suna tsayawa a sahun gaba a masallaci, ba wanda ya san sun taɓa zama a wancan bencin. Ni kaina ban san su ba. Wataƙila muna haɗuwa a kasuwa muna cinikin tumatir tare. Allah Ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa bayinSa a nan, Ya sa ta huta.

Jiya Yaya Lawal ya zo gidana, kamar yadda yake yi duk shekara in watan nan ya kama. Ya tsufa sosai, da sanda yake tafiya, 'yar jikar nan, takwarar Binta, tana riƙe da ɗaya hannun. Ya aika ta wasa, ya zauna, muka gaisa. Na san abin da ya kawo shi, amma na bari ya tambaya, don ya fi son haka.

"Rabi, me ma ta ce ranar nan da kuke gyaran zogale?"

Na ce, "Ta ce ba ka yi mata laifin komai ba, uba ne kai. In ma akwai laifi, ta yafe tun ranar."

"Kafin ta sa takalminta?"

"Kafin ta sa takalminta, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannun rigarsa. Ya daɗe yana kallon ƙofa, inda yarinyar ta watsar da 'yan takalmanta. Sannan ya ce, "Sake faɗa mini."